Nas Ɗin Giyawa Ta Fi Ta Birni Buƙatar Horo

Kwanan baya wani ɗan'uwa, da zan kira Malam a nan, ya yi rubutu a kan ƙarancin ma'aikatan jinya a gabashin jihar Sakkwato, ya kawo shawarar da na ji mutane da dama suna yaba mata. Maganar ta shafi jarirai sababbin haihuwa, ta kuma shafi ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, inda 'yan'uwana mata suke haihuwa, saboda haka shiru bai kama ni ba.

Ga hujjar Malam, ba ragi ba ƙari. Ya ce a gari irin Giyawa matsalar ba ta ƙwarewa ba ce, ta rashin mutum ce ɗungurungum, kuma wanda ba shi da kowa ba ya zaɓe: da babu gara ba daɗi. Ya ce yarinyar da ta yi shekara uku a makarantar jinya, ta ci jarrabawa, ta karɓi lasisi, ta isa a danƙa mata ɗakin jarirai washegari, sauran kuma aiki ne zai koya mata. Ya ce kwasa-kwasan ƙwarewa da ake ƙarawa bayan lasisi ado ne na manyan asibitocin birni masu kwalba da injina, ba su da amfani inda ko wutar lantarki babu. Ya rufe da cewa duk nas ɗin da gwamnati ta ƙara wa karatu, guzurin tafiya Ingila ko Saudiyya aka haɗa mata da kuɗin talaka.

Ban ɗauki Malam marar tausayi ba, kuma ƙarancin da ya gani gaskiya ne. Duk wanda ya san yankin nan ya san yadda ma'aikata suke gudunsa tun da 'yan bindiga suka addabe shi. Harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 bai bar zukatan mutane ba, Giyawa ita ma ta ɗanɗana nata. Da gwamnatin jiha ta sanar a 2025 cewa ma'aikatan lafiya za su riƙa yin shekara biyu na dole a karkara, ina cikin waɗanda suka yi murna. Inda muka raba hanya da Malam shi ne a kan abin da ya wajaba ma'aikaciya ta iya kafin ta hau motar Goronyo.

Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. A binciken 2023 zuwa 2024 adadin ya sauko zuwa 110. Amma na jariran da ke mutuwa cikin kwana 28 na farko bai sauko ba: daga 39 ya koma 41, alhali alkawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka shi ne ya dawo 12 ko ƙasa da haka nan da 2030. Me ya sa ɗaya ya motsa, ɗaya ya tsaya cik? A ganina dalilin a fili yake. Rigakafi da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari ana iya raba su ƙauye-ƙauye da bayanin 'yan kwanaki. Abin da ke kashe sabon jariri kuwa, wato haihuwa kafin lokaci, da rashin numfashi a lokacin haihuwa, da ƙwayar cuta da ke shiga jini, gwanin hannu yake so, a daidai mintin da ake buƙatarsa.

Malam ya ce shekara uku sun isa. Sun isa me? Sun isa a kira ta nas, Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta ba ta lasisi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a cikin shekarun nan uku ta zaga ɗakin maza da na mata, da tiyata, da sashen masu taɓin hankali, da asibitin karkara. Rabon ɗakin jarirai marasa lafiya 'yan makonni ne. Ita hukumar da ta ba da lasisin, da kanta ta ware kwas na shekara guda a kan jinyar yara bayan lasisi, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ta kuma ware wata 18 ga nas ɗin da ke son zama ungozoma. Idan shekara ukun sun wadatar, me ya hana masu tsara karatun su faɗi haka?

A kawo mata bakwaini mai nauyin kilo ɗaya da rabi. Babba idan jikinsa ya rikice zai ce nan ke mini ciwo, wannan kuwa ko ƙarfin kuka ba shi da shi. Alamominsa sai mai ido: ya saki nono, jiki ya yi laƙwas, tafin ƙafa ya yi sanyi, ƙasan ƙirji yana lotsawa, ya ɗauke numfashi na daƙiƙa ashirin ya dawo. Dole ta tsaya da agogo ta ƙirga numfashinsa minti guda cur, ta san cewa in ya haura 60 akwai matsala. Dole ta san zafin jikinsa bai kamata ya sauka ƙasa da 36.5 ba, kuma jaririn da cuta ta shiga jininsa sau da yawa sanyi yake yi, ba zazzaɓi ba. Ruwan da jikinsa ke buƙata a ranar farko, dare da yini, bai wuce mililita 120 ba, ko kofin shayi bai cika ba, ledar ƙarin ruwa kuwa 500 ce. Wadda hannunta ya saba da manya, idan ta buɗe masa ruwan yadda ta saba, kafin asuba huhunsa ya cika. Allurarsa da nauyinsa ake lissafa ta, ɗigo ɗaya ya goce a lissafi an ba shi ninki goma. Robar da ake zira masa ta hanci don ba shi nonon da uwa ta tatsa, sai an tabbatar ciki ta shiga, ba hanyar iska ba. Wanne ne daga cikin waɗannan Malam yake so a koya ta hanyar gwaji? A kan ɗan wa?

Ko iskar oksijin da jama'a suke ɗauka rahama ce zalla, tana da ma'auni. Daga shekarun 1940 zuwa farkon na 1950, asibitocin Amurka da Turai sun riƙa cika kwalaben bakwaini da ita da kyakkyawar niyya, sai da dubban yara suka tashi makafi kafin a gane cewa yawanta ke lalata jijiyoyin idonsu. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, yana cikinsu. Likitoci ne da nas-nas masu takardu suka yi wannan aiki. Abin da suka rasa shi ne ilmin wannan fanni, wanda a lokacin bai samu ba. Yau ya samu, don haka wanda ya ƙi koyar da shi ba shi da irin uzurinsu.

Ba sai mun yi nisa ba ma. Sakkwato ce jiha ta farko a Nijeriya da ta fara raba man kuloheksidin na shafa wa cibiya, a 2013, zamanin Gwamna Aliyu Wamakko, domin ya maye gurbin gashi da toka da man goge baki da sauran abubuwan da ke sa cibiya ta ruɓe. Magani ne mai araha, mai ceton rai. Duk da haka a 2019 sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kansa, domin a ƙasashen Afirka da dama an ɗiga wa jarirai shi a ido bisa zaton maganin ido ne, wasu suka makance. Idan 'yar kwalbar man cibiya tana iya yin wannan ɓarna a hannun wanda ba a yi wa bayani ba, ina ga ɗaki guda na jarirai?

Yanzu ga inda nake ganin Malam ya ɗauki maganar a baibai. Ya ce aiki zai koya mata. Aiki ba ya koyarwa shi kaɗai, mutum ne yake koyar da mutum a bakin aiki. Sabuwar nas a sashen jarirai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da babbar sista a gefenta, da likitan da ke kwana a bakin aiki, da ƙwararren likitan yara da za a kira. Idan hannunta ya karkace akwai mai riƙe shi. Ta Giyawa fa? Ƙarfe biyun dare, wayarta a baki tana haskawa, uwa tana zubar da jini, jariri bai yi kuka ba, ba kuma wanda za ta waiwaya ta tambaya. Babban asibitin Goronyo yakan yi nisa idan dare ya yi, balle Sakkwato, domin hanyar da ake bi da rana ba kowane direba ne zai yarda ya bi ta cikin duhu ba. To wace ce ta fi buƙatar ta zo da ilminta a cike, wadda ke da mutum biyar a bayanta, ko wadda ba ta da kowa sai Allah? Iya nisan wuri daga birni, iya yawan abin da ya wajaba ma'aikaciyarsa ta sani. Mu kuwa akasin haka muka saba: gwanaye su taru a birni, sababbin hannu a tura su ƙauye. Shawarar Malam za ta mayar da wannan lalura ta zama ƙa'ida.

Mu tsaya a kan jaririn nan da bai yi kuka ba. Kusan ɗaya cikin kowane goma yana buƙatar taimako kafin ya ja numfashin farko. Abin da ake yi a gidajenmu, har da wasu asibitocin, sananne ne: a ɗaga shi ta ƙafa, a ɗaɗa masa duka a baya, a yayyafa masa ruwan sanyi, in bai motsa ba a naɗe shi a zane a ce bai zo da rai ba, a ba uwa haƙuri. Da yawansu zuciyarsu tana bugawa a lokacin da ake naɗe su. Wadda aka horar minti ɗaya gare ta, kuma ta san abin da za ta yi da shi. Ta goge shi da busasshen ƙyalle ta sauya wani, ta shafa gadon bayansa, ta daidaita wuyansa, ta kifa masa marfin baki da hanci ta riƙa matsa jakar iska kamar sau 40 a minti, idonta a kan ƙirjinsa ko yana tashi. In bai tashi ba ta san abin da za ta gyara. Jakar nan ba ta cin wuta. A Tanzaniya, da aka koyar da wannan a asibitoci takwas, rahoton da ya fito a 2013 ya nuna mutuwar jarirai a yinin farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Malam zai ce ai wannan horon kwana ɗaya ko biyu ne. Haka ne, amma dai horo ne, kuma waɗanda suka bibiye shi sun gano hannu yana mantawa cikin 'yan watanni idan ba a maimaitawa a kan 'yar tsana. Sannan mintin farko kawai ya rufe. Jaririn da aka farfaɗo yana iya fara jijjiga kafin gari ya waye, sukarin jininsa yana iya faɗuwa, wannan kuma wani karatun ne.

Batun cewa babu injina don haka ƙwarewa ba ta da amfani, ya ginu ne a kan zaton cewa ƙwarewa ita ce danna maɓallin kwalba. Mafi yawan abin da ke raya bakwaini ba ya buƙatar lantarki. Renon ƙirji, inda ake ɗaure jariri a ƙirjin uwa fata da fata, a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, kuma ƙarancin kwalba ne ya haife shi. Wani babban bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Ile-Ife a nan gida, ya nuna cewa fara shi nan take bayan haihuwa, a hannun ma'aikatan da aka horar, ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin 100. Matanmu sun iya goyo, amma wannan daban ne. Akwai yadda ake juya kan yaro don hanyar iska ta buɗe, akwai awannin da ake so ya yi a haka. Mafi wuya shi ne shawo kan kaka da uwar miji su bari mai jego ta zauna da shi, kada a garzaya da shi wanka, kada a tatse dakashi a zubar a ce ƙazanta ne. Yarinyar da ba ta taɓa ganin an yi wannan ya yi amfani ba, da wane ƙarfin gwiwa za ta tsaya gaban tsohuwar da ta haifi goma ta ce mata, Inna, a yi haƙuri, ba yau ba?

Haka ciwon shawara. Idon da aka horar ne yake bambance rawayar da ke zuwa a kwana na uku ta wuce, da wadda ta bayyana tun yinin farko ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, wadda idan an yi jinkiri take taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro kurma ko nakasasshe har abada. Ko tura jariri gaba ma ilmi ne. Wanda aka ɗauko a kan babur cikin hunturu, da zane ɗaya, ba a yi masa allurar farko ba, ba a ba shi nono ba, yakan isa Sakkwato jiki ya riga ya yi sanyi ƙalau. Wadda ta sani za ta ɗaure shi a ƙirjin uwarsa, ta yi masa allurar, ta rubuta abin da ta gani da abin da ta ba shi, ta kira can su shirya.

Sai batun guduwa waje, wanda shi ne mafi ƙarfi a hujjojin Malam. Gaskiya ne ana tafiya. A watan Fabrairu 2024, magatakardan hukumar ma'aikatan jinya na lokacin, Dakta Faruk Umar Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Amma Malam ya duba abin da ake nema a wurin mai tafiya Ingila: lasisinta, da jarrabawar Turanci, da jarrabawar hukumarsu. Ba a tambayar ta takardar ƙwarewa a jinyar jarirai. Ke nan hana ta horo bai rufe mata ƙofar fita ba ko kaɗan, abin da ya jawo kawai shi ne iya zaman da za ta yi da mu, da rabin gwaninta za ta yi shi. Su kuma can, sashen jarirai yana da nasa horon da ake ƙarawa bayan lasisi, kuma ƙa'idarsu nas ɗaya ga jariri ɗaya a ɗakin masu tsananin ciwo, ɗaya ga huɗu a ɗakin masu sauƙi. Su da suke da komai ba su yarda da yanke hanya ba. Don me za a ce ɗan Giyawa ne zai jure ta?

Abin da ke korar ma'aikata an san shi: albashin da ba ya kai wata, kwana a wurin da babu tsaro, aikin mutum biyar a kan mutum ɗaya. Hanyar riƙe su ma an gwada ta a maƙwabta. Wani shiri da Birtaniya ta tallafa, wanda aka fara a 2012 a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara ya ba su shekarar share fage, su shiga makarantun jinya da ungozoma da sharaɗin komawa garuruwansu. Wadda uwarta da mijinta suke Giyawa ko Gandi ko Achida ta fi kowa dalilin zama. Muna da kwalejojin jinya a Sakkwato da Tambuwal, da kwalejin kimiyyar lafiya a Gwadabawa. Shi wancan magatakarda kuma daga baya ya zama kwamishinan lafiya na jihar Sakkwato, ɗan Wurno ne, ya san iyakar abin da lasisi yake shaidawa, ya kuma san hanyar.

Akwai abin da Malam bai taɓo ba, wato ita yarinyar da amanar gari. A binciken 2018, matan Sakkwato da ke haihuwa a asibiti ba su kai 10 cikin 100 ba. Duk wadda ta zo, sai da aka sha fama da miji da dangi kafin a bar ta. Idan jaririnta ya koma a hannun wadda ba ta shirya ba, kafin ranar kasuwa labarin ya zaga, mata goma sun ɗaura aniyar haihuwa a ɗaki. Nas ɗin kuma ita za ta kwana da abin a ranta, ita za a nuna da baki. Malaman fiƙihu sun ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba tare da sanin fannin ba. A nan wa ke ɗauke da shi, wadda aka tura, ko wanda ya sa hannu a takardar turawar ya san ba a koya mata ba? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ke kwance a Wurno, yana cikin zaman ribaɗi da yaƙe-yaƙe ya rubuta littattafai a kan magani. Ƙuncin zamani bai zame masa dalilin rage ilmi ba.

Matsayina bai sauya ba: a tura ma'aikata karkara, a tura da yawa, amma bisa mataki. Kada a miƙa wa sabuwar nas ko ungozoma takardar tafiya sai ta ci gwajin hannu na farfaɗo da jariri da kulawar farko, a kan 'yar tsana, a gaban mai duba ta. Wadda za ta riƙe jarirai marasa lafiya ta fara yin wata shida a sashensu a Sakkwato, ko a asibitin koyarwa, ko Asibitin Ƙwararru, ko na mata da yara na Maryam Abacha, a ƙarƙashin babbar sista mai sa hannu a kan kowane aiki da ta ga ta iya, a kuma lissafa watannin cikin shekara biyunta. Manyan asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo kowanne ya samu aƙalla mutum biyu da suka yi kwas ɗin shekara guda, gwamnati ta biya, su sa hannu a kan dawowa, su riƙa zagaya ƙananan asibitoci suna maimaita wa na ƙasa da su. Ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda tsarin raba aiki na 2014 ya faɗaɗa musu hurumi, a koya musu kulawar farko da gane alamun haɗari da tura jariri lafiya, kada a jibga musu ɗakin bakwaini.

Malam zai tambaya, wa zai riƙe Giyawa a cikin wata shidan? Tsofaffin hannun da ke birni, bi da bi, domin dokar shekara biyu ba don sababbi kaɗai ya kamata a yi ta ba. A biya su alawus kafin su taso, a tanadar musu ɗakin kwana mai ƙofa da ruwa kusa da jami'an tsaro, a kuma sa wa kowace lambar likitan yaran da zai ɗaga waya da dare.